Daminar da na aika ƴan ƙodago golmo

A wajenmu Zuru, saurayi ba da daɗin baki yake samun mata ba, gona yake shiga. In ka ga yarinya, iyaye suka amince, sai ka shiga golmo. Kai da sa'o'inka za ku haɗa ƙungiya, yau ku nome gonar surukin wannan, jibi ta surukin wancan, damina bayan damina, har shekarunka su cika a ba ka matarka. Ni damina ɗaya ta rage mini lokacin da aka fara kafa ƙarafan sabis na wayar salula a yankinmu, can tsakiyar shekarun dubu biyu.

Na koyi gyaran janareta a makarantar koyon sana'a, na ƙara gogewa a shagon wani Ibo a Rikoto. Shi ya ce mini ana neman masu kula da injinan da ke gindin ƙarafan. Na ɗauka kamfanin waya ne zai ɗauke mu. Ina! Kamfanin waya ya ba wani kamfani kwangila, shi kuma ya ba ejan, ejan ne ke ɗaukar mutane. A ɗakin taron wani otel a Kontagora aka tara mu, mun fi ƙarfin kujerun. Ogan ejan ɗin, wani mai jan laktaye da waya biyu a hannu, ya sa ni na canza filtar janareta a gabansa, ya ce na ci.

Da na tambayi albashi sai ya yi murmushi. Kamfani ke biyan ejan, ejan ya cire nasa, abin da ya saura shi ne nawa. A watannin farko ma, wai na gwaji, rabin sauran za a ba ni. Man babur daga aljihuna. Babu hutu, babu Lahadi, duk sa'ar da inji ya mutu ni ne.

"In bai yi maka ba, ka ga mutane a waje," in ji shi.

Na leƙa ta taga, na ga mutanen. Na ce ya yi mini.

Kada in yi ƙarya, da farko na ji daɗi. An ba ni riga mai tambari da hular kwano da waya. A coci ana nuna ni. Yarinyar da nake yi wa golmo, ƴar Dabai ce, takan karɓi wayar ta juya ta, ta ce, "Injiniya, yaushe za ka saya mini tawa?" Sai in ce wata mai zuwa. Albashin kuwa, in na cire mai da facin taya, ko ita wayar da ke hannuna ba ya iya ciyarwa da kati.

Sai ruwa ya sauka. Abin da ban lissafa ba shi ne, lokacin da gona ke neman mutum, lokacin ne injina ke mutuwa. Tsawa ta ƙona wannan, ruwa ya shiga tankin wancan, motar mai ta maƙale a laka. Ƙungiyarmu ta je gonar surukin abokina, ina kan hanyar Bena gyaran inji. Ta je ta wani, ina tsugune gindin ƙarfe ina zuƙe ruwa daga man gas. Shugaban ƙungiyar, wanda tare muka yi kokawa tun muna yara, ya tare ni a kasuwa.

"Mutumina, ana magana fa. Mu muna zuwa naka, kai ba ka zuwa namu."

Na ce aiki ne. Ya ce su ma ba wasa suke zuwa yi ba.

Ranar da aka sa za a yi maimai, wato noma na biyu, a gonar surukina, na roƙi Oga tun da wuri ya ba ni yinin. Ya ce ba matsala. Da safiyar ranar ina ɗaura fartanya a babur, wayar ta yi ƙara. Injin Bena ya tsaya, batir ya kusa ƙarewa, sabis zai ɗauke.

"Oga, yau ce ranar da na gaya maka."

"Wace rana? Gona? Kai, ni ma'aikaci na ɗauka ko manomi? In sabis ya ɗauke, kamfani ni zai ci tara, ni kuma kai zan cire. Ka zaɓa."

Raina ya ɓaci. Amma dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ga kamar ta masu wayo ce. Wasu gidaje sun fara karɓar kuɗi a madadin golmo, musamman daga sojoji da ke nesa. Na ce to, ni ma ga ni ma'aikaci. Na je bakin tasha na samo ƴan ƙodago, ƙarfafa, na juye musu abin da ya rage na albashina, na kwatanta musu gonar. Ni kuma na kama hanyar Bena ina jin na kashe wutar.

Da yamma na biya Dabai, jikina duk baƙin mai. Na tarar da tsohon, uban yarinyar, zaune kan turmi a ƙofar gida. Dattijon coci ne, ba mai hayaniya ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya sa aka kawo mini ruwa. Sannan ya ce baƙina sun zo, an ba su tuwo, an sallame su.

"Baba, ai aikin na turo su yi."

"Na gani. Yaro, kana tsammanin ban iya ɗaukar ƴan ƙodago ne? Dawa ce ba ni da ita ko awakin da zan biya su? Soja yana bakin daga, ba shi da zaɓi, wannan na gane. Kai kuwa kullum ina jin ƙarar baburinka nan kan titi. Ni bayanka nake son gani a duƙe, in san ko wanda zan ba ɗiyata zai tsaya in wuya ta zo. Waɗannan da ka turo, wanne daga ciki zan ba ta?"

Ya ce abokaina, waɗanda suka zo cikinsu, sun nome rabonsu. Nawa kunyoyin suna nan, ya hana kowa taɓawa, suna jirana.

Kunyoyin nan a bakin titi suke. Duk wanda ya wuce sai ya ga gona tas, sai yanki ɗaya da ciyawa ta shaƙe dawar, kamar kan da wanzami ya bari bai gama ba. Kowa a Dabai ya san na wane ne. Ni ma kullum ta nan nake bi, in kau da kai in ƙara wuta. Kullum cewa nake Asabar zan zo, Asabar ɗin ta zo da nata injin.

Ita yarinyar ta same ni bayan coci. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"A rafi ba a kirana da sunana yanzu, sai matar mai ciyawa. Da an yarda mace ta nome wa kanta, wallahi da na nome. Yini ɗaya fa, yini ɗaya kawai."

Na ce ta ƙara haƙuri, gwaji ya kusa ƙarewa, za a tabbatar da ni, albashi zai cika, in sami bakin neman hutu.

Ba a tabbatar da kowa ba. Kwangilar ta koma hannun wani ejan, shi kuma ya zo da nasa mutanen. Ta waya Oga ya gaya mini, ya ce in kai riga da hula da wayar zuwa Kontagora, kuɗin mota daga aljihuna. Har ya ce in na so zai sa ni a gaba in wani aiki ya fito, amma sai in sake gwaji daga farko. Abin da na gaya masa ba zai rubutu ba. A golmo ko ba komai ka san fuskar wanda kake yi wa wahala, ka san abin da ke jiranka a ƙarshe. Nan kuwa na yi wa mutanen da ban taɓa gani ba damina guda, ko sunana ba su sani ba.

Washegari da sassafe na saɓa fartanya, na taka da ƙafa zuwa Dabai. Dawa ta riga ta fara fitar da kai, noman ba zai ƙara mata komai ba, na sani. So nake tsohon ya fito ya gan ni a duƙe.

Da na iso ban gane wurin ba. Kunyoyina tas, an tara ciyawar a gefe har ta fara bushewa. Na tsaya ina dubawa ko na yi ɓatan kai. Wata tsohuwa mai ɗauke da itace a kafaɗa ta tsaya, ta dube ni, ta dubi fartanyar.

"Ɗana, ka makara. Wani yaron Rikoto ne da ƙungiyarsa, makon jiya. Uban ya tambayi yarinyar kafin su sa fartanya."

"Me ta ce?"

"Ta ce su nome."