Rayuwar Mai Shelar Tashar Jirgi da Yadda Aka Tsira da Muryarsa

An haifi marigayin a shekarar 1956, a wani gari da layin dogo ya raba biyu. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa tela.

Karatu da aiki

Karatunsa bai wuce firamare ba, sai dai Allah ya hore masa murya wadda ko bango sai ta ratsa. A 1978 aka ɗauke shi aikin shelar isowa da tashin jirage, a wani ɗaki mai taga ɗaya da lasifika mai tari kafin ta yi magana. Tun daga nan sunansa ya ɓace, sai Mai Shela.

Iyali

A 1981 ya auri 'yar wani direban jirgi, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Shekarun gwajin magani

Da yake ciwon zuciya ne ya ɗauke mahaifinsa, a 2003 ya shiga cikin waɗanda likitoci ke gwada sabon maganin rage kitsen jini a kansu. Bai taɓa tsallake ƙwaya ba. Da aka kammala binciken a 2008 aka sanar da shi cewa yana rukunin da aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta, don a kwatanta.

Uwargidansa ta ce, "Malam, ashe gari kake ta haɗiya kana cewa jikinka ya yi sakayau."

Ya ce, "Garin ma na likita ne, ba irin naki ba."

Aka ɗora shi kan maganin gaske, ya ci gaba da zuwa awo.

Rashin lafiya

A wajen awon ne, a 2013, wata ma'aikaciyar jinya ta lura da kumburi a wuyansa, aka tabbatar ciwon daji ne, kuma yana dab da jijiyar murya. Likitar fiɗa ba ta ɓoye masa ba: idan wuƙa ta zarce, ya yi sallama da magana. Ya amince a gwada wata sabuwar dabara. Aka yi masa allurar wani rini, aka rage fitilun ɗakin, aka haska wuyan, sai ciwon ya yi kore yana ƙyalli kamar idon kyanwa a duhu, lafiyayyen nama kuwa ya yi duhu abinsa. Ta yanke mai ƙyallin, ta bar saura. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne a gode mata, kuma har daga baranda aka jiyo shi.

A 2015, da zai ajiye aiki, hukumar tashar ta naɗi muryarsa a na'ura.

Rasuwa

Ya rasu a damunar 2022, ciwon dajin bai dawo ba. Ya bar uwargida da 'ya'ya huɗu: Babban Yaya makaniki, malamar makaranta, ungozoma, da Auta. Aka binne shi a maƙabartar bayan tasha. Ana cikin mayar da ƙasa jirgin la'asar ya iso, masu jana'iza suka jiyo shi daga lasifika yana roƙon fasinjoji su matsa daga bakin layi. Allah ya jiƙansa.