Hannu Ɗaya a Aljihu

A ɗakin gwaje-gwajen da wutar lantarki ta kashe 'yata bara, wata ɗaliba siririya ce ke zaune, laɓɓanta a bushe. Tana murɗa makunni a hankali, tana ƙara wa wata ƙwayar kiristal ƙarfin lantarki.

"Mama, ɗan ja baya," in ji ta. "Idan ƙarfin ya kai iyaka, tsarin cikinta zai juye gaba ɗaya, amma a ido ba za ki ga komai ba."

Wataƙila mahaifiyarta na zaton karatu kawai take yi. Hannunta na hagu na cikin aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirjinta. Wata waya ta zame, hannun ya fara fitowa. Sai na ji bakina ya kira ta da sunan 'yata.