Ranar da Gurbinmu Ya Juya

Na manta abubuwa da yawa, har da fuskokin wasu da na binne da hannuna. Amma ranar da ruwan gurbinmu ya juya ba za ta bar raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

Shekarar yunwa ce, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Gulbin da ya ratsa ƙasar Bungudu bai cika ba, ya janye ya bar yashi. Abin da ya rage mana gurbi ɗaya ne mai zurfi a bayan ƙauyenmu, inda kifi ke taruwa in gulbi ya tsinke.

Gurbin yana da doka. Ba mai jefa homa a ciki sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, a ƙarshen bazara. Kuma ba a shiga sai mutanen hayi, na wajen Karakkai, sun iso, don tun kakanni rabin kifin nasu ne. Kawuna ne sarkin ruwa, shi ke tsaron dokar.

Zafin shekarar ya wuce na kullum. Ruwan ya ragu, ya yi kore. Da na caka sanda har ƙasa, sai ta fito da baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Karfasa suna tasowa da safe suna buɗe baki. Lokacin matata tana goyo, nononta ya ƙafe. Na sami kawu yana ɗinkin homa.

"Kawu, ruwan ga ba shi kai ranar. A buɗe."

Bai ɗago ba. "Kai ka magana ko cikinka?"

"Duka biyu. Ɗiyata ba ta samun nono."

"Na sani. Can hayi ma akwai masu goyo. In munka shiga babu su, da wane ido zan dube su?"

"A aika musu yau."

"Mazansu sun tahi Tsafe neman hatsi. Ubana bai taɓa matso da rana ba. Ni ma ba ni matso ta."

Na tashi. Ba a ja da kawu.

Ana nan, wata la'asar hadari ya haɗu ba lokacinsa ba. Iska mai sanyi ta taso, aka zuba ruwa da ƙanƙara, aka ɗauke. Mata suka yi guɗa. Kawu bai yi murna ba. Ya tafi bakin gurbi ya tsaya, na bi shi. A gabanmu ruwan ya sake kama. Na sama da ya yi sanyi ya nutse, na ƙasa ya taso, baƙi, da warin nan. Kafin rana ta faɗi kifi ya fara juya ciki sama.

Kawu ya ce, "Kira mutane. Ku shiga."

Mun shiga, amma an makara. Mun kwashi abin da hannu ya kai. Da gari ya waye gurbi ya yi fari fat. Zafi ya komo, itacen banda bai isa ba, mafi yawa ya ruɓe a bakin gaɓa. Ungulu ta ƙoshi a shekarar da mutane ba su ƙoshi ba.

Ɗan abin da aka tsira da shi, kawu ya raba biyu daidai. Ya ɗora rabin a kansa, da tsufansa, ya taka yashi ya kai wa mutanen hayi. Ba wanda ya hana shi. Rabonmu bai daɗe ba ya ƙare. Ɗiyata ba ta ga damina ba.

Kawu ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni. Na daɗe ina jin haushinsa. Yanzu na daina. Amana ya riƙe, kuma ranar da ya tsare an sa ta ne a shekarun da gulbi ke cika. Shekara ce ta sake, ranar ba ta sake ba.

Bayan rasuwarsa ni aka ba gurbin. Ban taɓa shiga babu mutanen hayi ba. Amma na gaya musu tun farko, duk bazara zan riƙa caka sanda ina shinshinawa. Ranar da ta yi wari, ranar ce ranar su, kowa ya bar abin da yake yi ya zo.

Abin da na koya ke nan. Alkawarin da ke tsakaninka da mutane ka riƙe shi. Amma ruwa bai yi alkawari da kowa ba, shi dubawa ake yi.