Taswirar da Ta Kai Shanun Baffa Inda Babu Ciyawa

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗalibar digiri na biyu a Keffi, 'yar ruga daga wajen Gitata wadda ta tashi tana bin Inna tallar nono. Binciken da na zaɓa shi ne gano wuraren da ciyawa ke daɗewa da ɗanyenta idan rani ya shigo, ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam. Ƙaramar kwamfutata ba ta iya ɗaukar nauyin hotunan, sai sashenmu ya nema mana izinin amfani da wata babbar kwamfuta ta haɗaka da ke wata cibiyar bincike a Abuja. Ban taɓa ganinta da idona ba. Daga ɗakin karatu nake shiga ta intanet, in sa aikina a layi tare da na mutanen da ban sani ba, in zauna jira.

Jiran nan daɗi yake mini. Sai in zauna bakin taga, motocin Abuja suna ta wucewa, ni kuwa hankalina yana can sama. Idan hoton ya buɗe, sai in ga ƙasarmu a shimfiɗe kamar atamfar da aka shanya, rafuka sun ratsa ta kamar zare, fadamu sun yi kore shar. Nakan bi su da yatsa, in riƙa ganin shanunmu suna tafe a ciki sun ƙoshi, har ina jin kamar ƙamshin ciyawar na tasowa daga allon. Amma komai da hannu nake yi. In ɗebo hotuna daga ma'ajiyar da kowa ke zubawa kowa ke ɗiba, in sauya lamba nan, in gyara can, ba na rubuta abin da na taɓa. Malamata ta sha gaya mini in koyi rubuta umarnin da zai riƙa gudanar da aikin da kansa, daga farko har ƙarshe, yadda kowa zai iya maimaitawa. Kullum sai in ce mata zan koya, a raina kuwa gani nake wannan zai rage mini daɗin abin.

Wata rana sai taswira ta fito da ban taɓa ganin mai kyanta ba: wani dogon kore gaba da Jigwada, ya bi bakin rafi ya miƙe. A shekarar kiwo ya yi mana wuya, filaye sun zama fuloti, burtali ya tsuke. Na buga taswirar na kai gida ina murna. Baffa ya ɗora ta a gwiwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko da gaske na'urar da ke sama ce ta gani. Na ce masa ita ce. Ban gaya masa sau ɗaya tak ta fito mini haka ba. Ya ce to, can za su nufa.

Da na koma makaranta, Malama ta ce in sake fito da taswirar a gabanta. Na gwada, koren ya ragu. Na sake, ya ɓace gaba ɗaya. Na rasa wane hoto na ɗauka, wace lamba na sauya. Sai da mai kula da babbar kwamfutar ya bi sawun aikina, ya gano cewa tsofaffin hotuna na kwasa, waɗanda wani mai bincike ya ajiye don nazarin yadda wurin yake shekarun baya. Sunayensu sun yi kama da na sababbin. A sababbin kuwa, rufin kwano ne jere a wurin.

Na kira wayar Baffa, ba ta shiga. Na hau acaba na bi su. Na same su a bakin wata sabuwar unguwa, bulo a jibge, tifofi sun yashe rafin. Shanun suna tsaye cikin rana, haƙarƙarinsu a waje, suna kallon katanga. Na sauka daga acaban na nufi wajensu. Baffa ya miƙo mini gora ya ce, "Sha ruwa tukuna, kin sha rana." Daga baya ya gaya mini cewa ya yi kiwo a wurin yana saurayi, kuma koren da ya gani a takardata daidai yake da wanda ke cikin tunaninsa, shi ya sa bai aika kowa ya fara dubowa ba. A hanyar komawa wata saniyarmu mai ciki ta faɗi, ba ta tashi ba. Ita ce wadda Inna ta fi samun nono a wurinta. Babu wanda ya yi mini faɗa, kuma wannan ya fi komai ciwo.

Na koma na zauna gaban Malama kamar 'yar aji ɗaya. Watanni na yi ina koyon rubuta umarni. Na sa shi ya riƙa duba shekarar kowane hoto, idan ya ga tsoho ya tsaya cak. Na sa ya riƙa ajiye bayanin duk abin da ya yi amfani da shi a gefen kowace taswira. Na koyi fara gwaji da ɗan ƙaramin yanki kafin in tare wa jama'a layi. Sau da yawa aikin ya rushe saboda harafi ɗaya, in koma ƙarshen layi in sake jira. Ranar da Malama ta gudanar da umarnina daga nata ɓangaren, taswirarta ta fito daidai da tawa babu bambanci, sai hawaye suka zubo mini. Koren da ke ciki kaɗan ne ƙwarai, ɗigo nan ɗigo can, amma na gaskiya ne. Kammala karatuna ya yi jinkiri, ban damu ba.

Abin da na koya shi ne, sakamakon da ya fi burge ka shi ya fi cancantar tuhuma, domin ido yana saurin yarda da abin da zuciya ke so. 'Yan uwana ɗalibai da ke aiki a kan irin wannan kwamfuta, ku tuna ba ku kaɗai ke ajiya a cikinta ba. Kada ku dogara da ƙwaƙwalwarku, ku rubuta aikinku yadda zai tafi ko ba kwa nan. Kuma duk abin da wani bai maimaita ya samu irin naku ba, don Allah kada ku kai shi gaban mutumin da ya yarda da ku. Shi ba zai tambaye ku hujja ba, tashi kawai zai yi ya kama hanya.