Jinin da ya dawo wa Inna

Inna ta daina ganin al'ada tun ina budurwa. Sai bayan na yi aure har na haihu, wata damina, jini ya dawo mata. Matan gidanmu a Dangora suka mai da abin wasa. Matar kawuna har da guɗa: "Ayyiriri, tsohuwa ta koma yarinya! A tanadi gero, za a yi mana auta." Inna ta yi dariya ta jefe ta da ludayi.

Ita abin da ya dame ta salla ne, don jinin ba shi da lokaci, yau ya zo, gobe ya ɗauke, jibi ya dawo. Ta sa Baba ya tambayo limamin unguwa. Liman ya ce wannan jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta sake alwala a kowace salla. Abin da aka tambaye shi ya amsa, ban ga laifinsa ba. Hankalin Inna ya kwanta, ta ci gaba da dakanta.

Ga shi kuwa muna da likita a gida, ko in ce rabin likita. Yayana, ɗan farin Inna, yana jami'a yana karatun likita a shekarun nan na mulkin soja. Tun ranar da ya samu gurbin karatun gari ya laƙaba masa Likita, ko allura bai iya ba. Inna kuwa 'yar Fulani ce, kunyar ɗan fari a jininta take. Ba ta faɗin sunansa, sai dai "wancan". In ya durƙusa gaishe ta, tukunya take kallo ta amsa. To, wa zai kai wa wa maganar jini?

Ni na kai. Na zo ganin gida na ɗauki zannuwanta zan wanke, na ji wani wari da ban taɓa jin irinsa a jikin mace ba. Yaya na hutu, na same shi a gindin rumbu na faɗa masa. Wallahi kamar na watsa masa ruwan zafi.

"Ke ba ki da kunya ne? Inna fa kike magana!"

"Yaya, kunyar ce za ta tsayar da jinin? Kai ba likita ba ne?"

Ya hau tonon ƙasa da tsinke. Can ya ce su ba su kai ga ciwon mata ba tukuna, har yanzu ƙasusuwa da jijiyoyi suke haddacewa, amma yana jin shekaru ne kawai. Washegari ya hau keke zuwa Kwanar Dangora ya sayo ƙwayoyin ƙarin jini a kemis, ya ba ni in ba ta.

Waɗannan jajayen ƙwayoyi su suka cuce mu. Inna ta ajiye su cikin ƙwaryar da take ɓoye goronta. Duk wadda ta ce mata, "Baiwar Allah, kin rame, a je asibiti mana," sai ta ce, "Ai wancan ya ba da magani." Magana ta ƙare. In sun ƙare a sayo wasu. Na yi faɗa, na yi kuka, har Baba ya ce in koma ɗakina tunda na fi likita sani. Haka muka yi azumi biyu.

Ranar wata Talata, ba hutu ba komai, sai ga Yaya ya faɗo gida, ko jaka bai riƙo ba. Ya ja ni waje. Ashe an kai su ɗakin mata a asibitin da suke koyon aiki, aka tsayar da su a kan wata dattijuwa, malaminsu ya ce duk macen da jini ya dawo wa bayan ya ɗauke, a fara zargin ciwon daji na bakin mahaifa. Ya ce tun kafin malamin ya rufe baki, warin da na taɓa kwatanta masa ya buge shi.

Na ce me ke kawo shi? Ya ce ana cewa wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka wurin kwanciyar aure, ta yi shekaru a ɓoye, amma ko malamansu ba su gama yarda da juna a kai ba. Riga-kafi kuwa babu. Wannan dai ba mu gaya wa Baba ba. Yanzu da nake jin ana yi wa 'yan mata allurarsa, wasu iyaye kuma suna ɓoye 'ya'yansu a ɗaka, raina ɓaci yake yi.

Da ƙyar Inna ta yarda ta shiga mota zuwa asibitin su Yaya, bisa sharaɗin wancan ba zai shiga inda za a duba ta ba. Babban likitan, wani dattijo mai furfura, ya duba ta ni ina riƙe da hannunta. Da ya gama ya ja labule ya bar ta tana ɗaura zani, ya sa aka kira Yaya. Ya ce abin ya ci wuri, ya wuce aiki. Sannan ya tambaye ni yaushe jinin ya fara, na ce azumi biyu ke nan.

Ya cire tabarau ya dubi Yaya. "Kai kana nan tare da mu, mahaifiyarka na zubar da jini shekara biyu? Ba wanda ya gaya maka?"

Yaya ya buɗe baki zai amsa, sai muryar Inna ta fito daga bayan labule, a hankali.

"Likita, bar yaron nan. Bai sani ba. Ni na hana a gaya masa."

Na san ƙarya ce, Yaya ya sani, ita ma ta sani. Yaya ya juya ga bango ya dafa shi da hannu biyu, kafaɗunsa na girgiza. Muka dawo da ita gida da maganin rage zafi, ba ta ga girbin dawar shekarar ba.