Kaset ɗin da Baba Ya Kai Tarauni

Jiya a cikin adaidaita sahu wani matashi ya kunna fim a wayarsa, ya ƙure murya kamar shi kaɗai ya biya kuɗin mota. Sai na ji irin kiɗan nan mai bugawa a hankali da ake sawa idan ana shirin kashe wani babba. Kafin mu iso Gyaɗi-Gyaɗi na koma 'yar shekara goma sha ɗaya, ina zaune kan tabarma a ɗakin Inna, bidiyon da muka aro a maƙwabta yana haɗiye kaset.

Bari in fara gaya maka waye Baba, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya sa muka kalli fim ɗaya fiye da sau ashirin ba. Direban wani Alhaji ne ɗan siyasa a Tarauni, shekara tara yana jan sa. Yana da wata ɗabi'a da sauran direbobi suke tsokanarsa a kai. Kullum in ya ajiye mota da yamma sai ya ɗauki tsintsiya ya share ƙasar da ke kewaye da ita, ya riƙa ja da baya yana goge sawunsa. Da safe kafin ya taɓa ƙofa sai ya zagaya ya duba. Ko kyanwa ce ta ratsa zai sani.

Wata safiya lokacin kamfe, ranar da za a tafi babban taro a ƙauye, ya tarar da shatar bayan mutum a ƙasa, daidai gindin tayar gaba. Ya ce ba zai ja motar ba sai makanike ya gani. Aka yi ta hayaniya, aka nemo wata motar, Alhaji ya isa taro jama'a sun watse. Makanike kuwa ya samu an yanka tiyon birki rabi, yadda sai an hau babban titi zai ƙarasa fashewa.

Za ka zaci an gode masa. Yaran Alhaji suka ce, wa ke riƙe da makulli? Wa ya san inda za a duba tun ba a duba ba? Ko dai 'yan adawa sun saye shi tsoro ya kama shi, ko kuma shi ya shirya abin don a yi masa kyauta. Kwana uku ya yi a hannun 'yan sanda. Ya dawo yana ɗingishi, ba aiki, kuma daga unguwarmu har Daurawa ya zama direban da ya so kashe ubangidansa. Ko bas ta haya babu mai ba shi.

A damunar shekarar fim ɗin ya fito. Labarin wani gwamna ne wanda mataimakinsa da wasu 'yan kwangila suka shirya hallakawa ranar buɗe gada, sai direbansa ya ji su. Gaskiya fim ne mai kyau, har yau ban janye wannan maganar ba. Babu rawa babu waƙa. Miyagun ciki ba masu jajayen idanu ba ne, mutane ne masu fara'a, suna shan shayi suna tambayar lafiyar iyalin wanda za su kashe. Yana da nasa aibun: bindigar ƙararta kamar an fasa leda, jinin kuwa Inna ta rantse zoɓo ne, sukari kawai ya rage. In ruwa ya tsuge a kan kwano ba ma jin komai, sai mu matsa gaban talabijin da dafaffiyar masararmu a hannu.

Baba bai damu da duk wannan ba. Wuri ɗaya yake jira, inda direba ya tsaya gaban gwamna da hula a hannu, gwamna ya sallami kowa ya saurare shi har ƙarshe, ya kuma yarda. Nan yake sa a mayar baya. An mayar, an mayar, har hoton wurin ya fara tsalle. Mu yara mun gaji, amma babu mai iya tashi.

Sai ya sayi kaset ɗin nasa na kansa. Wata Juma'a ya sa shaddarsa ta Sallah, ya naɗe shi a takarda zai kai Tarauni.

Inna ta ce, "Malam, mutumin da bai saurare ka da bakinka ba, kaset zai saurara?"

Ya ce, "Ai manya sun fi gane abu in sun gan shi a talabijin."

A hannun maigadi ya bari, don ba a bar shi ya shiga ba. Kowace Juma'a yana komawa. A ta huɗu maigadi ya miƙo masa kayansa, ya ce yara sun kalla sun ji daɗi, Alhaji kuwa ba shi da lokaci. Ranar Baba bai ci tuwo ba.

Sauran rayuwarsa a bakin titi ya yi ta, yana sayar da baƙin mai a galan. Da ciwon ajali ya kama shi, ya riƙe hannuna ya ce, "In Allah ya haɗa ki da Alhaji, ki gaya masa ba ni ba ne."

Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce. Irin waɗannan finafinan sun cika wayoyi, bindigoginsu sun fi kyau, jininsu ya fi kama da jini, 'ya'yana suna tafi in gaskiya ta yi halinta a ƙarshe. Ba na musu da su, amma ni na daina kallo.

Bara aka kwantar da Alhaji a ɗakin da nake aiki, ya tsufa, ciwon suga ya ci ƙafarsa. Mako guda ina wanke masa ciwo kafin na samu ƙarfin hali. Wata safiya na durƙusa na gaya masa 'yar waye ni. Na ba shi labarin motar, da birkin, da saƙon da aka bar mini. Ban taɓa jin tsoro da sa rai irin na ranar ba.

Ya daɗe yana kallona, da gaske yana ƙoƙarin tunawa. Sannan ya ce, "Allah sarki, 'yata, Allah ya jiƙansa. Na yi direbobi da yawa. Dogon ne, ko mai tsagen nan?"

Shekara goma sha shida Baba ya yi yana jiran mutumin nan ya wanke shi. Na ce masa dogon ne, na ƙarasa ɗaure masa ƙafar.