Ƙayar Bakin Gari

Duk hutun lakwal, wato makaranta, a Tsibiri muke yin sa, wurin kakarmu Iya Dije. Da an idar da magariba sai ta tura gyaɗa cikin rushi, ni da ƙanwata Rabi mu kewaye murhu. Iya ba ta ɗaukar surutu. "Mai baki ya tashi, mai kunne ya matso," haka take buɗe tatsuniyarta.

Akwai wadda take yi mana, ba Gizo ba Ƙoƙi. Wai zamanin hari, in aka ji ɗuriyar mahaya sai gari ya yi kafi: a sassare bagaruwa da farar ƙaya, a kwantar da su kewaye da gari, gindi ciki, rassa waje, a bar 'yar kafa guda. Da an buga ganga an ja reshen ƙarshe an toshe ta, ba a buɗewa sai rana ta fito, ko uwar wa ke waje.

Ɗiyar mai tsaron kafar ta yi yamma a fadama wajen tsinkar rama, ta iso an rufe. Ta yi ta kiran "Baba". Yana jin ta, hannunsa kan reshen, dattawa na tsaye kansa suna cewa ƙila mahaya ne suka turo ta gaba. Da safe aka same ta cikin ƙaya, ta yi ƙoƙarin kutsawa, rai ya yi halinsa. Mahayan kuwa ba su zo ba.

Na ce, "Iya, wannan uba mugu ne."

Ta ce, "Ci gyaɗarka, ja'iri. Ba ka san tsoro ba tukuna."

Iya ta daɗe da rasuwa. Rabi ta yi aure a wani ƙauye kudu da Jiratawa. Da 'yan bindiga suka addabi yankin, mijinta ya zo shagona a Sabon Gari, ya ce sun yi shawarar datse hanyar ƙauyen da itatuwa kullum da almuru. Na yaba da dabarar, har na ba su gatura biyu.

Ran da naƙuda ta zo wa Rabi da gardama, amalanken da ya ɗauko ta zuwa gidan likita ya tsaya bakin itatuwan. Masu tsaro sun hango fitilun moto, wato babur, a daji, suka ce a jira asuba. Ba ta kai asuba ba.

Na nemi wanda zan ɗora wa laifi, wallahi na nema, ko zuciyata ta yi sanyi. Mijinta na cikin masu tsaron. Ran addu'ar uku ya riƙe hannuna yana kuka, yana cewa, "Yaya, ka yafe mini." Ni kuwa na san gatarin wa ya sare itatuwan.